Ku daina auna rubutu harafi-harafi

Jama'a, ga 'yar shawara ga masu zana rubutu da FreeType, manhajar da ke zana haruffan font (salon rubutu) a allo. Kwana biyu na yi ina fama da wani maɓalli na kan allo, rubutun cikinsa ya ƙi zama a tsakiya. Ashe laifina ne, faɗin kowane harafi nake aunawa shi kaɗai sannan in tara. Alhali A da V in sun haɗu matsowa suke yi, o ma yakan shige ƙarƙashin hannun T. Wannan matsin, wato kerning, lissafina bai san da shi ba.

Ku miƙa wa HarfBuzz, manhajar da ke jera haruffa da lissafa tazararsu, jimlar ɗungurungum, ku tara x_advance ɗin da ya dawo da su, wato faɗin da kowane harafi ya ci a layi. Kar ku dogara da FT_Get_Kerning, umarnin FreeType na neman kerning, tsohon teburin kern na cikin font ya saba dubawa, sababbin font kuwa galibi a wani teburi daban mai suna GPOS suke ajiye nasu. Sifili zai ba ku, ku zaci lafiya lau.

Lambobin FreeType a tsarin 26.6 suke, wato kowane pixel (ɗigon allo) an kasa shi kashi 64, sai an raba da 64. Amma ku bari sai kun gama tarawa, in kuna datsewa a kowane harafi kuskuren taruwa yake yi.

Ku kuma gwada da ƙ, ɗ da ɓ. Font da yawa ba su da su, sai a aro daga wani font, faɗin ya canza.