Yadda Ake Ciyar da Iyali Lokacin Hutu da Biki Ba Tare da Aljihu Ya Huje Ba

Hutu idan ya zo, gida kan cika. Yara suna gida wuni zur, kowane ɗan lokaci sai wani ya leƙo kicin yana cewa yunwa yake ji. 'Yan uwa su zo, wani ya kwana biyu, wani ya yi mako. Yawancin masu gida sukan zuba ido ne a kan girkin babbar rana, alhali kuɗin sun fi zurarewa a ranakun da ke gabanta da bayanta: tukunyar da aka cika fiye da ƙima, aiken kanti sau uku a yini, kwanon miyar da aka manta a lungun firij har ya yi tsami.

Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Wato a gidaje kaɗai, kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara, idan aka haɗa da ɓawo da ƙashi. Ga yadda za ki rage naki kason, a ci a ƙoshi, ba tare da wani ya ce an yi masa rowa ba.

Mataki na farko: takarda da biro kafin tukunya

Ki jera ranakun hutun a takarda, a gefen kowace rana ki rubuta bakin mutum nawa za su ci. Ki ware rana ɗaya ko biyu na babban girki. Sauran ranakun abincin yau da kullum ne, kuma babu kunya a haka. Duk bayan kwana biyu ko uku ki bar gurbi ɗaya fayau, kada ki rubuta masa komai. Gurbin ɗumame ne. Idan ba ki bar shi ba, za ki wayi gari kina ɗora sabuwar tukunya alhali ta jiya na jira.

A wannan zaman ne kuma za ku raba kuɗi ke da maigida. Ku fara cire na makon da zai biyo bayan hutu ku ajiye gefe, domin makaranta za ta koma, cefane kuma ba ya hutu. Abin da ya rage ku kasa shi mako-mako.

Mataki na biyu: cefane kashi biyu

Kafin ki fita, ki buɗe ma'ajiyar abinci da firij ki ga abin da ke ciki. Sau da yawa rabin abincin kwana uku yana nan a ɓoye, ragowar taliya a nan, wake a can. Abin da ya fi daɗewa ki jawo shi gaba, shi za a fara ci.

Kayan da ba sa lalacewa, irin su shinkafa, wake, fulawa, mai, sukari da gishiri, ki saye su sau ɗaya, tun kafin cunkoson biki ya ɗaga farashi. Ganye, tumatir, 'ya'yan itace da madara kuwa kaɗan-kaɗan ake sayensu, na kwana biyu ko uku. Arhar kwandon tumatir ba ta da amfani idan sulusinsa zai ruɓe, sai dai in kin shirya dafe shi a ranar. Wajen kwatanta ƙaramin ƙunshi da babba, ki raba kuɗin da nauyin, don ba kullum babban ne ya fi sauƙi ba. In kuwa buhu ya fi ƙarfinki, ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba. Shawara ɗaya da ba ta tsufa: kada ki shiga kasuwa da yunwa, kada ki tafi da yara in akwai mai riƙe miki su.

Mataki na uku: awo

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ranar da aka saba, haka ne. A ranar baƙi kuwa ido tsoro yake ji, sai ya ninka komai, don haka gara a auna.

Babban mutum ɗaya, ɗanyar shinkafa giram 75 ta ishe shi idan akwai miya da wani abin haɗawa, domin in ta dahu takan kusa ninka nauyinta uku. Kilo ɗaya ke nan zai ciyar da mutum 13. Kofi mai ɗaukar mililita 240 yakan ci shinkafa kusan giram 185, abincin mutum biyu har da ɗan ragi. Taliya giram 80 zuwa 100. Nama marar ƙashi giram 100 zuwa 150. Ƙaramin yaro rabin na babba, amma samarin da ke tashen girma ki lissafa su da na mutum ɗaya da rabi, kowace uwa ta san dalili. Sannan ki ƙara kason mutum biyu saboda baƙon da bai yi sallama ba tukuna. Biyu, ba goma ba.

Ki samu kofi ɗaya ki mayar da shi na awo, ki gwada shi sau biyu ko uku a kan iyalinki. In an bar saura ki rage, in an suɗe tukunya ana kallon juna ki ƙara. Daga nan kin samu ma'aunin gidanki, wanda ya fi duk alƙaluman da ke sama daidai.

Mataki na huɗu: miya ɗaya, kaza ɗaya, abinci kala-kala

Nan ne ƙarfin tattalin yake. Ki yanka albasa manya guda huɗu ki soya a mai kaɗan, a wuta marar ƙarfi, har ta yi laushi ta fara ja. Kada ki yi gaggawa, zaƙin miyar daga nan yake fitowa. Ki zuba tafarnuwa da citta ki juya minti ɗaya, sannan markaɗen tumatir kamar kilo biyu da barkono gwargwadon bakin gidanki. Ki bar shi ya yi ta dahuwa babu murfi har ruwan ya tsotse, tsamin ya mutu, mai ya taso sama. Gishiri kaɗan kawai za ki sa, kada ki sa nama, kada ki cika kayan ƙamshi, domin kowace rana da fuskar da za ki ba ta. Ki raba ta a robobi, kowace roba na girki ɗaya. Na kwana uku a firij, sauran a firiza.

Yau ki zuba mata nama ta zama miyar shinkafa. Gobe ki juye taliya a ciki. Jibi ki fasa ƙwai a kanta, ki rufe minti biyar, a ci da burodi. Wata rana dafaffen wake ya shiga. Aikin yanka da markaɗe da tsayuwa gaban wuta sau ɗaya kika yi shi.

Kaza ma haka. Sayen ta ɗungurungum yakan fi sayen yanka-yanka sauƙi. Cinyoyi da fukafukai su tafi babban girki. Ƙirjin ki yayyanka shi ƙanana, ki soya da karas da kabeji, ya isa abincin wata rana, domin nama in an yanka shi ƙanana kowane cokali sai ya ɗauko rabonsa. Ƙashin bayan da wuya kuma ki zuba musu ruwan sanyi ya rufe su, ki jefa albasa da guntayen karas, in ya tafasa ki kwashe kumfar, ki rage wuta ya yi awa biyu zuwa uku yana ɗan motsi. Ki tace. Da wannan romon za ki dafa shinkafa ko wake, masu ci su yi ta neman naman da babu shi a ciki.

Kuma ba dole ba ne nama ya hau kowane faranti. Wake da ƙwai suna ba jiki abin gina shi a kuɗi kaɗan. Ranar nama biyu ko uku a mako, in an yi su da kyau, sun fi guntun tsoka kullum da ba ta isa kowa ba.

Mataki na biyar: wuta ma kuɗi ce

Ki rufe tukunya. Da zarar ruwa ya tafasa ki rage wuta, domin tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100 komai hura masa da aka yi, ƙarin wutar tururi kawai yake zama. Ki jiƙa wake ya kwana, ki zubar da ruwan jiƙon, lokacin dahuwarsa zai ragu sosai. Jan wake mai siffar ƙoda yana da sharaɗi na musamman: sai ya yi tafasa mai ƙarfi na aƙalla minti 10 kafin a rage masa wuta, saboda yana ɗauke da wani sinadari mai murɗa ciki wanda zafi mai ƙarfi ne kaɗai ke kashe shi.

Akwai kuma tsohuwar dabarar ƙarasa girki ba wuta. Shinkafa ta tafasa minti biyar, ki sauke tukunyar a rufe, ki naɗe ta da bargo mai kauri, ki sa a kwando ko kwali nesa da murhu. Bayan kamar awa ɗaya ta nuna, ba ta kama ba, ba ta ƙone ba.

Mataki na shida: ragowar abinci

A nan ake yin riba, a nan kuma ake jawo wa gida ciwon ciki in an yi sakaci. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60, wato daidai ɗumin tukunyar da aka sauke aka bari a kicin ana hira. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje. In ana zafi sama da digiri 32, awa ɗaya. Kada ki cusa babbar tukunya a firij yadda take, tsakiyarta za ta daɗe da ɗumi. Ki juye a faffaɗan mazubi marasa zurfi, ya huce da wuri, ki rufe, ki rubuta ranar a jiki. Kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa a firij. Wanda kika san ba za a ci a wannan tsakanin ba, firiza tun yau.

Shinkafa ta fi kowa rigima. Akwai wata ƙwayar cuta a cikinta da dafuwa ba ta gamawa da ita, in shinkafar ta zauna da ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ta kashe wannan gubar. Saboda haka ki baza ta ta huce cikin awa ɗaya, ki sa a firij, a cinye washegari. Kada ki dogara da shinshinawa. Abincin da zai kwantar da mutum sau da yawa ba ya wari.

Wajen ɗumame, ki ɗebi iya wanda za a ci, ki zafafa shi har tururi ya tashi daga tsakiyarsa, sau ɗaya tak. In lantarki ya ɗauke, firij da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyi kamar awa huɗu, cikakken firiza kuma har awa 48, don haka a hana yara buɗe-buɗe. Gidan da babu firij kuwa, tattalinsa shi ne dafa daidai ci.

Tun wajen rabo ake ceton abinci. Ki zuba kaɗan a faranti, mai son ƙari ya ƙara. Abin da ya rage a tukunya abincin gobe ne, wanda ya rage a farantin yaro kuwa ya tafi ke nan.

Sannan ki sauya wa ragowar kama, don yara ba sa son ganin abincin jiya da fuskar jiya. Shinkafar da ta kwana a firij ita ta fi daɗin soyawa da ƙwai da albasa, domin ta bushe ba ta caɓewa. Dafaffen dankali a murƙushe shi da ƙwai da ɗan fulawa, a soya fale-fale. Burodin da ya fara tauri a tsoma shi a ƙwai da madara a soya, karin kumallo ya samu. Ayabar da ta nuna lugub ta shiga kwaɓin fanke ko kek, a rage sukari.

Mataki na bakwai: ajiya da sauran hidimar gida

Albasa da dankali kada su zauna wuri ɗaya, suna saurin lalata juna. Dankali yana son duhu da iska, in ya ga haske ya yi kore, koren nan a yanke shi da kauri, in ya yi yawa a zubar. Ayaba da tuffa suna fitar da iskar da ke sa na kusa da su saurin nuna, sai a raba su da ganye.

Kayan kwalama na leda su ne ɓarayin da ba a ji motsinsu. Gugguru da aka yi a tukunya, dafaffen ƙwai, yankakkun 'ya'yan itace, a sa musu lokaci ɗaya da yamma, kicin ya huta. A raba wa yara aiki, maza da mata: wannan tsince wake, wancan wanke-wanke, babban ya riƙe takardar cefane. 'Yar uwa in ta ce me za ta zo da shi, ki faɗa mata abu takamaimai, kada ki ce ba komai. Wajen goge-goge kuma sabulu da ruwan ɗumi sun isa yawancin aiki. In za ki yi amfani da ruwan bilic, kada ki gauraya shi da khal ko wani maganin wanki, iskar da ke tashi tana illata huhu.

Kwana biyun ƙarshe

Ki dakatar da cefane. Ki fito da duk abin da ya rage a firij, guntun kabeji, robar miya ta ƙarshe, romon da ke firiza, ki gina abincin kwana biyun a kansu. Kafin ki yar da takardar nan ta farko, ki juya bayanta ki rubuta abin da ya ƙare da wuri, abin da ya yi saura, da girkin da ba wanda ya waiwaya, ki soke ta a inda kike ajiye kofin awo.