Yadda ake bin sawun maganar "ɗan ƙasa" da "baƙo" a Jos

Ɗalibi ko ɗan jaridar da zai yi rubutu a kan wannan batu, kada ya fara da tambayar wa ya riga wa zuwa. Kowane ɓangare, wato ƙabilu irin su Birom da ake kira 'yan ƙasa da Hausawan Jos da ake kira baƙi, yana da amsarsa a aljihu, musu kawai za ka kwaso. Raba takardarka gida uku: shekara, abin da ke kawo kuɗi a lokacin, da wanda alƙalami ke hannunsa.

Fara da kuza. Kamfanonin Turawa hannaye suke nema, shi ya sa leburori suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da Barno. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, layin kudu a 1927. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka shiga kamo mutane aikin tilas har 1944. A wannan zango baƙo abin nema ne. Amma ka rubuta gonar wa aka tone. Kududdufan da ke Bukur da Barikin Ladi ƙasar noman Birom ce a da, kuma wanda ya tsallake wannan rabin labari ya riƙe.

Sannan ka duba lokacin da aljihu ya sauya. An ƙirƙiro jihar Filato a 1976, farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Abin rabo ya koma aikin gwamnati, gurbin karatu da tallafin ɗalibai, mabuɗinsu kuwa takardar shaidar asali da ƙaramar hukuma ke sa wa hannu. Karanta sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana wariya, tare da 147(3), wanda ya ce a ɗauko minista daga 'yan asalin kowace jiha. Daga nan jera 1991, da Babangida ya yanko ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, sai rikicin 1994, 2001 da 2008. Rikici biyun farko naɗin muƙami suka biyo baya, na ukun zaɓen ciyaman.

Takardun zamanin Turawa suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, sai dai ka tuna lissafin haraji da na leburori ne ya fi damun Di'o, wato Baturen mulki na gunduma. Rahoton kwamitocin binciken waɗannan rikice-rikice, na Fiberesima, Niki Tobi ko Ajibola kuma, duba wa ya kafa kwamitin da su wa suka ba da shaida.

A hira da dattawa, ko a unguwar Gangare ko a ta Kabong, guji "me ya jawo rikici?" Ce: "Baba, wace shekara aka fara tambayarku takardar?" ko "An biya ku diyyar gonar?"

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba baƙi a kwando ɗaya. Ibo da Yarbawan Jos ba su cika neman sarautar gari ba, rigimar makiyaya da manoma a Riyom kuma ta filin kiwo ce. Buɗe wa kowanne shafinsa daban.