Darasi na 4: Zaɓen Kayan Aiki Ga Mai Son Fara Sana'ar Wanke Gilashin Taga

Toh ɗan'uwa, kafin ka ciro kuɗinka ka sayi komai, abu na farko da nake so kayi shine ka fita da ƙafarka ka zaga wuraren da kake sa ran samun aiki, ka ɗaga kai ka ƙare wa gine-ginen kallo. Shaguna ne a ƙasa masu faffaɗan gilashi? Gidaje ne marasa bene? Ko kuwa benaye ne hawa uku hawa huɗu da hannu baya kaiwa? Ka tafi da biro da takarda ka rubuta abinda ka gani, tunda yanzu hannunka ya fara faɗawa da rubutu. Tagogin da zaka wanke sune zasu gaya maka kayan da ya kamata ka saya, shi mai sayar da kaya ai burinsa kayansa su fita.

Hanya biyu ce ake bi a wannan sana'a. Akwai ta hannu wadda ake yi da waifa da bokiti, akwai kuma ta doguwar sanda mai feso tataccen ruwa. Ni dai shawarata ga sabon shiga ya fara da ta hannu, kuma zan faɗi dalili.

Waifar da nake magana ba ta mota bace, amma aikinsu iri ɗaya, ƙarfe ne siriri da aka zura wa roba yana da mariƙi. Wani mai wanke taga ɗan asalin Italiya, Ettore Steccone, shi ya fito da irin wadda ake aiki da ita yanzu, a Amurka a shekarar 1936, har yau akwai kamfani mai sunansa, kuma siffarta bata wani canja ba. Ka sayi mai inci 14, wato wajen santimita 35, ita ce daidai hannun mai koyo, sai ƙarama mai inci 6 saboda ƙananan gilasai. Mai inci 18 tana da sauri a kan babban gilashin shago amma ka bari sai hannunka ya nuna, in ka fara da ita zata dinga kufce maka tana barin ruwa a baya.

Sai abin jiƙa gilashi, shi siffarsa kamar harafin T da muka koya, ana sa masa riga mai gashi-gashi da take riƙe ruwan sabulu. Bokitin kuma ka nemi mai tsawon baki wanda T ɗin zai kwanta a ciki gaba ɗaya. Tsumma ka nemi maikrofaiba, wato wani yadi mai siraran zare da yake shan ruwa sosai, mai santsi na goge gefen gilashi, mai kauri na goge dakalin taga, kar ka haɗa su, kuma in zaka wanke su banda ruwan nan mai sa tufafi laushi domin yana kashe musu shan ruwa. Sabulu ba sai ka wahala ba, na ruwa na wanke kwanuka ya isa, ɗan ɗigo kaɗan a bokiti. In yayi yawa shi zai bar maka dabbare-dabbare.

Yanzu bari mu tsaya a kan roba dan nan ne aikin yake. Mutane da yawa sai su sayi mariƙi mai kyau mai ƙyalli sannan su yi ta fama da roba ɗaya wata da watanni, suna mamakin me yasa gilashi yake fita da layi-layi. Bakin robar nan dole ya zama a miƙe da kaifi, ka shafa shi da yatsa a hankali, in kaji ɗan tsagu ko da kamar bakin allura ne toh duk inda ka ja sai ya bar zane. Robar baki biyu gareta, in ɗaya ya cinye sai ka zare ka juya, in na biyun ma ya tafi ka yar kawai ka sa sabuwa, a nan kam araha bata ado. Akwai mai laushi akwai mai tauri, mai taurin tafi jure zafi, mai laushin tafi daɗin aiki lokacin sanyi. Ka yanka ta ta ɗan ɗara ƙarfen kaɗan ta kowane gefe dan kar ƙarfe ya kankare firem ɗin mutane. Kuma kar ka barta a rana ko ka jefa ta cikin jaka tare da ƙarafa.

Ja ma iri biyu ne. Na farko ja a miƙe, ka jiƙa gilashin sosai, ka naɗe tsumma a yatsa ka busar da ɗan layi a can sama, ka ɗora robar a busasshen wurin ka jawo ƙasa, ka goge bakin robar, ka sake ɗorawa tana ɗan hawa kan inda ka riga ka ja. Da wannan zaka fara. Na biyun shine wanda zaka ga ƙwararru suna yi, suna karkaɗa hannu hagu da dama kamar maciji na tafiya basa ɗaga robar har sai sun sauko ƙasa, yana da sauri sosai amma yana son kwanaki ana gwadawa, kuma a gidanka zaka koye shi ba a tagar mai biyanka ba. Sannan ka lura da rana, gilashin da rana ta buga yayi zafi ruwan zai bushe kafin ka ja, dan haka ka fara da ɓangaren da yake inuwa ka dinga bin inuwar tana juyawa.

Reza kuwa ina roƙonka ka ji tsoronta. Ana amfani da ita wajen cire fenti ko gam ɗin sitika, amma sai gilashi yana jiƙe, rezar sabuwa babu tsatsa, kuma gaba kawai ake turawa a ɗaga, ba a dawo da ita baya da datti a bakinta. Gilashin da aka manna wa leda mai duhu ba a sa masa reza sam. Shima gilashin nan da aka gasa dan yayi ƙarfi, wanda ake yawan sawa a ƙofofi, wani yakan zo da ƙananan ɓurɓushi a fuskarsa tun daga masana'anta, reza na bi ta kai zata ja su su zane shi. Ni na taɓa zane gilashin ƙofar wani mai shago a farkon fara aikina, sai da rana ta haska muka gani, na biya, kuma har yau abin yana min ciwo domin amana ya bani. Ka fara gwadawa a can lungu, in kaji wani ƙaras-ƙaras ka tsaya nan take. Wani abin kuma, kar ka taɓa haɗa bilic da maganin goge gilashi mai amoniya, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Sai tsani, wanda shine ya fi komai hatsari a sana'ar nan. Ga lissafin da zaka haddace, 4 da 1. In kan tsanin ya taɓa bango a tsayin mita 4, toh gindinsa ya nisanci bangon da mita 1. In babu abin awo ka tsaya yatsun ƙafarka na taɓa gindin tsanin ka miƙe hannuwa gaba, in tafinka ya sauka a kan matakin da ke daidai kafaɗarka toh ya zauna daidai. Kullum gaɓoɓi uku su kasance a jikin tsani, ƙafa biyu da hannu ɗaya ko hannu biyu da ƙafa ɗaya, kar ka hau matakai ukun ƙarshe, kar kuma ka miƙa jiki gefe wai dan ka kai wancan gilashin, sauko ka matsar da shi ko sau goma ne. Da yawan aikin ma sandar da ake zugewa ta ƙara tsawo zata raba ka da hawa, ka ɗaura waifar a kanta kana tsaye a ƙasa. Amma ka duba sama ko akwai wayoyin lantarki kafin ka ɗaga, sandar alminiyom da ta kabon duk wutar lantarki tana bin su.

Toh ita hanya ta biyun fa? Doguwar sanda ce mai buroshi a kai, siririn tiyo na bi ta cikinta, famfo na turo ruwa daga tanki, ka cuɗa gilashin da buroshi ka ɗauraye ka barshi ya bushe da kansa ba goge-goge. Sirrin a ruwan yake. Ruwan da muke gani garau yana ɗauke da narkakkun ma'adinai irin su kalsiyam, sune in ruwa ya bushe suke barin farin ɗigo-ɗigo, dan haka sai an bi da shi ta matata ta musamman an cire su. Akwai ɗan abin awo kamar biro da ake tsomawa ya nuna lambar yawan ma'adinan da suka rage a ruwan, in lambar tana ƙasa da 10 ruwan yayi, in ta fara hawa toh ƙwayoyin cikin matatar sun gaji sai an canja. Hanyar ta yaɗu sosai a Ingila musamman bayan dokar aiki a wuri mai tsawo ta 2005 da ta matsa a rage hawa tsani in akwai yadda za a yi daga ƙasa. Tana da kyau ƙwarai ga benaye, bazan rage mata komai ba. Sai dai tana cin jari, tana son abin hawa da zai ɗauki tanki tunda kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in ruwan yankinku mai ma'adinai da yawa ne matatar zata dinga cinyewa da wuri, kuma bata aiki a cikin ɗaki, wa zai yarda ka feshe masa ofis da ruwa? Kaga ko ka saye ta sai ka koma wa waifa. Ka bari sai takardarka ta cika da masu benaye da suke kiranka a kai a kai, lokacin aikin da kansa zai saya maka ita.

Aikin wannan mako: ka samu taga ɗaya a inda kake kwana ka wanke ta sau 10 da ja a miƙe, bayan kowane wanki ka koma gefe ka kalle ta a karkace ta inda haske yake faɗowa, daga nan ne layi yake nuna kansa. Ka rubuta sau nawa ta fita tas, ka zo mana da takardar da kuma jerin gine-ginen da ka zaga.