Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin aiki da kuzarin motsi idan abubuwa sun fi ɗaya

Idan abu ɗaya ne kowa ya iya, jimillar aikin da aka yi a kansa (ƙarfi sau nisa) ita ce canjin kuzarin motsinsa, wato ½mv², inda m nauyi ne, v kuwa gudu. Amma da zarar abubuwan sun zama biyu ko uku sai ka ga ɗalibi ya rikice, kuma wallahi abin yana damuna don kusan kullum wuri ɗaya ake faɗuwa.

Babban kuskuren shi ne a ce ai ƙarfin cikin gida, wato wanda abubuwan ke yi wa junansu, yana soke juna saboda dokar Newton ta 3 mai cewa duk abin da ka tura shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka, don haka aikinsa sifili ne. A'a fa. A lissafin momentom (nauyi sau gudu, tare da la'akari da inda aka nufa) ne yake sokewa, a aiki kuwa sai ka duba tafiyar da kowane abu ya yi. Ɗauki katako biyu, kowanne kilo 2, ka matse sifirin a tsakaninsu a kan tebur mai santsi ka saki, kowanne ya tafi nasa ɓangaren da gudun mita 3 a sakan. Momentom sifili, tsakiyar nauyinsu ko motsi ba ta yi ba, amma kuzari 9 da 9 ne, jul 18 (jul shi ne ma'aunin kuzari), to daga ina ya fito in ba aikin sifirin ba? Gyaran shi ne ka lissafa aikin waje da na ciki duka, na cikin yana zama sifili ne idan nisan da ke tsakanin abubuwan bai canja ba, kamar a dunƙulen dutse.

A nan ma wasu ke cewa 9 a cire 9, su samu sifili. Kuzari ba ruwansa da gabas ko yamma, tarawa ake yi.

Sai masu mantawa da juyi. Yaro ya gara siririn zoben ƙarfe mai kilo 1 da gudun mita 2 a sakan, mutum ya rubuta jul 2 ya tashi abinsa, alhali jul 4 ne, rabi na tafiyar tsakiyar nauyi rabi na juyawa. Wannan rabon ake kira ƙa'idar König.

Wanda ya fi ruɗa mutane kuwa tsalle ne. Ƙasa ta tura ka sama, gaskiya ne, amma tafin ƙafarka bai gusa ba lokacin turin, saboda haka ba ta yi aiki ba, kuzarin daga tsokar cinyarka da ta ƙwauri ya fito. Kafin ka ninka ƙarfi da nisa, tabbatar nisan na daidai wurin da ƙarfin ya taɓa ne.