Darasi na Bakwai: Yadda Ɗan Aji Shida Zai Yi Bita

Wannan darasi na iyaye ne da yayye masu ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare. Ko ba ka jin Turanci, akwai abin da za ka tsaya a kai.

Mai son shiga Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru ko Kongo, yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni. Sai JAMB, jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta: darussa huɗu, tambayoyi 180, cikin awa biyu. Turanci na da 60, sauran ukun 40 kowanne. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ce kacal.

Babban kuskuren yara shi ne zuba wa littafi ido har tsakar dare, suna zaton ya zauna. Ido ya saba da shafin ne kawai. Ku tuna makarantar allo: almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam ba tare da dubawa ba. Haka za a yi a nan. Yaro ya karanta shafi biyu, ya rufe littafin, ya rubuta abin da ya tuna a takarda, sannan ya buɗe ya gwada. Inda ya ɓace, ya ja layi da jan biro. Gobe ya fara da wurin, ya sake komawa bayan kwana uku, sannan bayan mako. Uwa na iya riƙe littafin a rufe ta ce, "Faɗa mini da Hausa abin da ka karanta." In ya kasa bayani, da saura.

Lissafi kuwa ba a karanta shi da ido. Sai da biro da takarda, tambaya biyar ko goma kullum.

A ware lokaci ɗaya, kamar bayan sallar asuba, kafin gida ya cika da hayaniya. Minti 40 na karatu, hutun minti 10, sannan a canja darasi. Waya ta zauna a hannun uwa. A yi cajin fitila tun da rana. 'Ya mace ma a rage mata wanke-wanke da aike a watannin nan, don ita ma daƙiƙa 40 ɗin za a ba ta.

Ran Asabar ya ɗauki tambayoyin shekarun baya, a sa masa agogo, awa biyu cur ba tashi. Kada ya haddace amsa, ya nemi dalilinta, domin ana sauya wa tambaya fuska. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, a kai shi shagon kwamfuta ya gwada hannu sau biyu ko uku kafin ranar. Daren jarrabawa kuma ya kwanta bayan lisha.