Darasi na 9: Gishiri, Hayaƙi da Tsawon Rai

Ajali na hannun Allah, babu mai jayayya da wannan. Amma Hausawa na cewa, "Allah ya ce tashi in taimake ka." Darasinmu na yau a kan wannan tashin yake: me muke ci, me muke shaƙa, kuma wanne ne a cikinsu yake kai mutum ga tsufa da ƙarfinsa?

A ƙasar Japan matsakaicin tsawon rai ya kai kusan shekara 84. A Najeriya bai kai 60 ba. Ba wai duk ɗan Najeriya yana rasuwa kafin ya cika sittin ba ne. Yawan mutuwar ƙananan yara ne ke jan lissafin ƙasa, ta dalilin zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu da ƙyanda. Saboda haka gidan sauro, rigakafi da ruwa mai tsabta su ne farkon tsawon rai. Mun yi bayaninsu a baya. Yau kan manya za mu tsaya.

Gishiri da hawan jini

Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru da shi yana noma, yana zuwa kasuwa, ba ya jin komai, sai wata safiya a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙoda ta gaza. Sau da yawa sai a ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa, alhali jini ne ya daɗe yana matsa wa jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba.

Hukumar ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Wannan lissafin ya haɗa da duk abin da ya ci tun safe har dare. A nan uwargida za ta ce, "Ai ni ba na cika gishiri." Gaskiya ne, amma dunƙule nawa ta marmasa a miya? Kaso mai yawa na dunƙulen ɗanɗano gishiri ne. Akwai shi kuma a yajin tsire, da kilishi, da burodi, da ƙullin da ke cikin taliyar leda. Idan an sa dunƙule, a rage gishiri. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano, kuma da su iyayenmu suka yi girki tun kafin dunƙule ya shigo. Kwanakin farko maigida zai ce miya ta yi lami. A yi haƙuri, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Awon jini ba ya ɗaukar minti biyar a asibitin sha-ka-tafi. Lamba biyu za a faɗa muku. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, kuma aka sake samun haka a wata rana daban, to akwai hawan jini. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Wannan kuskuren ya kwantar da mutane da yawa.

Hayaƙin murhu

Wannan ya fi shafar mata da 'ya'yan da ke goye a bayansu. Hayaƙin itace, kara da kashin shanu yana ɗauke da ƙura mai laushi wadda ke shiga can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara. Ku dubi bangon madafa yadda ya yi baƙi ƙirin, ku tuna mai girkin tana shaƙar abin da ya baƙanta shi safe da yamma. Ba kowa ke da halin sayen gas ba. Amma kowa zai iya girki a tsakar gida ko a rumfa mai iska, ya yi amfani da busasshen itace, ya daina hura wuta da leda, ya kuma sauke goyo nesa da murhu. Lokacin hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Taba sigari da shisha ba sa bukatar dogon bayani. Barinsu a kowace shekara yana da amfani, ko da mutum ya manyanta.

Abin da ke cikin rumbu da ƙasa

Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin hunhuna, ita kuma tana haifar da guba mai suna afulatoksin wadda ke jawo dajin hanta. Dafuwa ba ta kashe ta. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko tamfol har ya bushe sarai, a tsince ruɓaɓɓu a zubar. Kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da su don gudun asara.

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Duk mai wannan sana'a ya yi ta nesa da gida, ya yi wanka, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Wanda ya bar gona ya koma zaman shago ko tuƙi, ya nemi tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana 5 a mako. Gero, dawa, wake, zogale, rama da miyar kuka sun fi lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu amfani ga jiki.

Aikin gida

1. Ku rubuta dunƙule nawa aka sa a girkin gidanku yau, da yawan mutanen da suka ci.
2. Ku je a auna jininku, ku rubuta lambobin biyu da kwanan wata a littafinku.
3. A ina ake girki a gidanku? Ku rubuta jimla biyu a kan ta inda hayaƙin yake fita.