In talabijin ta ƙi ganin filash ɗinka

Salam 'yan uwa. Kafin ku ɗauki talabijin zuwa wurin mai gyara, ku duba filash ɗin tukuna. Ni ya faru da ni shekaranjiya: na zuba fim, yara sun baje a tabarma da ƙwaryar gyaɗa, na soka filash, allo ya ce babu komai.

Ashe filash mai 64GB yawanci da tsarin ajiye fayiloli mai suna exFAT yake zuwa, tsofaffin talabijin da dama kuma ba sa karanta shi. Sai ka sa shi a kwamfuta ka yi masa fomat zuwa wani tsarin mai suna NTFS. Tsarin FAT32 ma kusan kowace talabijin na ganinsa, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce 4GB, dogon fim mai kyan hoto ba zai shiga ba. Ka fara kwashe hotunan biki, don fomat share komai yake yi.

In kuma hoto ya fito amma shiru, sau da yawa sautin fim ɗin irin wanda ake kira DTS ne, talabijin kuma ba ta iya shi ba. Nemi kwafin fim ɗin na MP4 mai irin sautin da ake kira AAC.